Da Ɗan Gari Kan Ci Gari: Kirista da Yaƙi da Mugunta a Ƙasar Tsiga

Wata Lahadi bayan an tashi sujada a 'yar majami'armu da ke wani ƙauye kusa da Tsiga, muna zaune a gindin darbejiya ana ta maganar rashin tsaro kamar yadda aka saba, sai wani saurayi ya dubi ɗaya daga cikin dattawan ikilisiya ya ce, "Baba, kullum wa'azinku ɗaya ne, mu yi haƙuri, wanda ya mare mu mu juya masa ɗaya kuncin. An mari na dama, an mari na hagu. To kunci nawa Allah Ya yi mana?"

Wurin ya yi tsit, domin abin da yaron ya faɗa yana cikin ran kowa. Dattijon ya daɗe yana zane a ƙasa da sandarsa, sannan ya ɗaga kai ya ce, "Ɗana, bijimin da wanka ya sayo kwanan baya a rabin kuɗinsa, ka tambaye shi na wane ne?"

Yaron ya sunkuyar da kai, aka watse ba wanda ya ƙara cewa uffan. Ni kuwa tun daga ranar nake ta juya waɗannan tambayoyi biyu a zuciyata, har na ga ya kamata in kawo su gaban 'yan'uwana marubuta mu duba tare, ko da yake na san akasarin masu karanta wannan mujalla Musulmi ne. Ina ganin ba laifi, domin ciwon da ya kama ɗan yatsa jiki duka ne ke jin sa.

Da farko dai bari in gabatar da mutanen da nake magana a kansu, don akwai Hausawa da yawa, har da masu ilmi, da ba su san akwai Bahaushe Kirista ba. Muna nan a ƙauyukan Bakori da Malumfashi da Ƙafur da kewayen Funtuwa, yawancinmu jikokin Maguzawa ne, wasunmu na kiran kansu Masihiyawa. Ba mu da wani harshe sai Hausa, da ita muke addu'a, da ita muke karanta Littafi Mai Tsarki, wanda aka buga cikakkiyar fassararsa ta Hausa tun 1932. Akwai 'yan ECWA a cikinmu, akwai 'yan Katolika da sauransu, har ma a 2023 aka kafa dayosis ɗin Katolika na Katsina, aka naɗa Gerald Mamman Musa bishof ɗinsa na farko. Masara da dawa da auduga da waken suya muke nomawa kamar kowa. Da wuya ka sami gida a cikinmu da ba shi da wa ko ƙane ko kawu Musulmi.

Abin da ya sami ƙasar nan kuwa ba sai an faɗa wa kowa ba. Dattawanmu na tuna watan Maris na 1987, lokacin da rikicin da ya tashi a Kafanchan ya bazu har Funtuwa aka ƙona majami'u. Mun ga na bayan zaɓen 2011. Sai kuma masifar daji ta zo, wadda ba ta tambayar mutum addininsa. A watan Disamba na 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. A watan Mayu na 2021 aka shiga gidan limaman Katolika a Malumfashi aka kashe Fada Alphonsus Bello. A farkon Fabrairu na 2025 aka shigo cikin garin Tsiga da dare aka tafi da Birgediya Janar Maharazu Tsiga mai ritaya, tsohon shugaban hukumar yi wa ƙasa hidima, sai da ya yi kwana 56 a hannunsu. A watan Agusta na 2025 aka buɗe wa masu sallar asuba wuta a masallacin Unguwar Mantau ta ƙasar Malumfashi, aka kashe mutane masu yawa. Fada da janar da masallata, bakin bindiga ɗaya ne ya same su.

To a irin wannan hali, me talaka Kirista zai yi, wanda ba shi da bindiga, ba shi da muƙami, kuma ko a ƙauyensu ma ba su ne masu rinjaye ba? Amsoshi biyu na fi ji a bakin mutanenmu, kuma duka biyun ban gamsu da su ba.

Ta farko ita ce ta wancan saurayi: a rama. Wannan amsa tana da daɗi a baki lokacin da zuciya ke tafasa, amma mun ga inda ta kai wasu. Kowa ya san cewa cikin abubuwan da suka rura wutar nan a Zamfara da Katsina har da ramuwar gayya, inda aka riƙa kama mutum a kasuwa a kashe shi don kawai Bafillace ne, 'yan'uwansa kuma su dawo da dare su ƙone gari. Wanda ya yi laifin yana can cikin daji, wanda ya biya kuwa mai tallar nono ce da ɗanta. Almasihu da kansa, a daren da aka zo kama shi, ya hana Bitrus amfani da takobi, alhali babu wanda aka taɓa zalunta kamarsa a wurin mai bi.

Ta biyu ita ce ta masu naɗe hannu, su ce duniya ce ta zo ƙarshe, namu addu'a ne kawai. Ban raina addu'a ba, Allah Ya kiyaye. Amma manomin da ya yi addu'ar damina mai albarka bai bar garmarsa a ɗaki ba. Wannan amsa tana da wani haɗari a ɓoye, domin tana sa mutum ya ɗauka cewa mugunta can take a daji, shi kuwa hannunsa fari ƙal. A nan ne tambayar dattijon nan ta shigo.

Hausawa na cewa da ɗan gari kan ci gari. Mutumin da ke zaune a tsakiyar daji ba ya haƙo man fetur, ba ya toya burodi, ba ya ƙera babur ko waya, ba ya haɗa ƙwaya. Bai san wanda ya sayar da buhu hamsin na masara jiya ba, bai san ɗakin da mai gida ke kwana ba. Shanun da ya kora kuma ba zai cinye su duka ba, dole sai an sami mai saye. Gwamnati ma ta san haka, shi ya sa a 2021 ta hana sayar da mai a jarka, ta dakatar da cinikin dabbobi a wasu kasuwanni, aka kuma rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13, ciki har da Funtuwa da Bakori da Malumfashi. Ashe ke nan bindigar da ke daji tana da igiyoyi da yawa da suka ɗaure ta da gari, kuma kowace igiya wani ƙaramin zunubi ne da wani ɗan gari ya raina: kwaɗayi, ko hassada, ko ƙarya, ko shiru a inda ya kamata a yi magana. Kirista ba zai iya karya bindigar ba, amma yana iya tsinke igiyar da ta biyo ta ƙofar gidansa. Wannan shi ne yaƙin da yake daidai ƙarfinsa, kuma kullum ake yin sa.

Wurin farko da ake wannan yaƙi shi ne kasuwa. Idan aka kawo maka sa ko babur ko waya a kuɗin da kai da kanka ka san bai kai ba, kuma mai sayarwa yana ta waige-waige, to ka sani hawayen wani kake shirin saye. Araha ba ta ado, balle arahar da jini ke jikinta. Haka mai shago da baƙo ya zo ya sayi burodi na mutum talatin da katin waya mai yawa, ya biya ninki ba ciniki. Haka mai sayar da mai a galan, da mai kemis da ake zuwa wurinsa da dare. Kowannensu yana iya cewa shi ciniki kawai ya yi. Amma mai bi ya san labarin Yahuza, wanda bai ɗaga wa Ubangijinsa hannu ba, nuni kawai ya yi ya karɓi kuɗinsa. Wanda muke kira infoma a yau sana'ar Yahuza yake yi, ko da kuwa shi ne ke jan waƙa ranar Lahadi.

Kada kuma mu tsaya a kan kayan sata kaɗai. Tiyar da aka bubbuga gindinta don ta rage ci, da tsakuwar da ake zubawa cikin waken suya, da ruwan da ake yayyafa wa auduga don ta yi nauyi a sikeli, da bashin da ake ba talaka buhu ɗaya da damina a karɓi biyu da kaka, duk waɗannan suna koya wa yaro darasi guda, wato mai wayo da mai ƙarfi su ke ci. Yaron da ya tashi da wannan darasi, ranar da aka miƙa masa bindiga ba sabon karatu zai fara ba, aji kawai zai ƙara. Lokacin da sojoji da masu karɓar haraji suka tambayi Yahaya Maibaftisma abin da za su yi, bai ce su bar aikinsu ba, ya dai hana su ƙwace da ƙari a kan abin da aka ƙayyade. Tuba ta gaskiya a bakin mudu ake gane ta.

Wuri na biyu shi ne harshe. A da jita-jita da ƙafa take tafiya, kafin ta kai Funtuwa daga Tsiga ta gaji. Yanzu kuwa a aljihu take, ta WhatsApp da Facebook, kafin ka gama alwala ko addu'ar safe ta zaga jiha. Sau nawa aka turo mana hoton gawarwaki aka ce na jiya ne a ƙauye kaza, daga baya a gane na wata ƙasa ne, shekaru da suka wuce? Wanda ya tura irin wannan ba tare da bincike ba ya zuba mai a wuta, ko da niyyarsa faɗakarwa ce. Ƙa'idar da nake ba kaina mai sauƙi ce: abin da ban gani ba, ban kuma ji daga wanda na amince da shi ba, ya mutu a wayata.

Akwai kuma kalmomin da muke ci da su muke sha da su. Kakanninmu sun sha zafin kalmar "arne", mun san yadda take ƙuna. To me ya sa bakinmu ba ya nauyi wajen cewa "Fulani duk ɓarayi ne", ko mu ce wa 'yan'uwanmu Musulmi "mutanen nan"? Ƙasar Ruwanda ta ishe mu wa'azi. Akasarin mutanenta Kiristoci ne, amma a 1994 aka kashe mutane wajen 800,000 cikin kimanin kwana ɗari, da yawa a cikin majami'u, bayan an daɗe ana kiran su kyankyasai a rediyo. Baftisma ba ta hana hannu ɗaukar adda idan an bar baki ya riga ya kashe mutum. Don haka idan ana irin wannan hira a majalisa, ko da ba za ka iya yin wa'azi ba, ka ce, "A'a, ni na san wane, ba haka yake ba." Wannan 'yar magana ta fi wuyar faɗa fiye da yadda ake zato, kuma ta fi amfani.

Wuri na uku shi ne gona. Rigingimu da yawa da suka ƙare da gawa a kan kunya ɗaya ta iyaka suka fara, ko a kan burtalin da aka nome, ko mashayar da aka toshe. Gaskiya ne shanu na yi mana ɓarna, kuma wanda ya ga masararsa a kwance bayan ya ci bashin taki ya san zafin abin. Amma mu ma mu faɗi tamu gaskiyar: hanyoyin shanu nawa muka mayar gonaki? Kirista da ya bar burtali a inda kakanni suka bar shi, wanda idan an yi masa ɓarna ya tafi wurin mai unguwa da arɗo a kimanta a biya shi maimakon ya sare saniya, ya yi aikin sulhu da ya fi na taron otal. Koyarwar Almasihu ita ce mutum ya shirya da ɗan'uwansa kafin ya kawo baikonsa gaban Allah. Da muna bin wannan da gaske, da wasu Lahadin kwanon baiko zai dawo wayam, amma da kotuna sun huta.

Wuri na huɗu shi ne ƙofar gida. Zumunci a ƙafa yake, kuma maƙwabcin da ka je wa gaisuwar mutuwa, ka je sunan ɗansa, ka aika masa shinkafar Kirsimeti ya aiko maka naman layya, da wuya wani baƙo ya zo rana ɗaya ya mayar da shi maƙiyinka. Iyayenmu sun yi gayya tare, ba a tambayar mai garma inda yake sujada. Ina ganin mu ne muka fara ja da baya, kowa ya shige cikin nasa, sai tsoro ya sami wurin zama. A watan Yuni na 2018, a ƙauyen Nghar da ke ƙasar Barikin Ladi, Liman Abubakar Abdullahi ya ɓoye Kiristoci fiye da 200 a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya hana a taɓa su. Mukan ba da wannan labari da jin daɗi. Tambayar da ta rage mana ita ce, idan rana ta juya, Musulmi ko Bafillace ya rugo ƙofarmu ana bin sa, za a sami irin wannan liman a cikinmu? Ba a ranar ake yanke wannan shawara ba, tun yau ake yanke ta, a gaya wa mata da yara su sani.

Wuri na biyar shi ne tarbiyyar yara, kuma a nan ina roƙon iyayenmu mata na zumunta su saurara. Ɗanki ba ya noma, ba ya sana'a, amma ya sauya waya, ya kawo miki atamfa. Kin tambaye shi? Uwar da ta karɓa ta yi shiru ta sa hannu a abin da ba ta sani ba. Haka uban da ke dukan matarsa a gaban 'ya'ya, ko wanda ya kwashe kuɗin amfanin gona ya kai gidan burkutu, yana koya wa ɗansa cewa ƙarfi shi ne hujja. Tashin hankalin cikin ɗaki ba a kawo shi a labarai, amma shi ne makarantar farko. Ikilisiya kuma kada ta tsaya ga horo da kora kawai. Saurayin da ƙwaya ta kama, idan aka kore shi daga majami'a akwai masu jiran sa da hannu biyu. Gara a ja shi a jiki, a sa shi a gona ko a koya masa sana'a, ko da zai ba da wahala.

Na san mai karatu zai ce, to duk wannan zai tsayar da harsashi? Ba zan yi ƙarya ba, ba zai tsayar da na daren yau ba. Tsare rayuka aikin hukuma ne, kuma wajibi ne mu riƙa tuna mata da murya ɗaya, mu da Musulmi. Kiristoci ma ba bakinsu ɗaya ba a kan kare kai. 'Yan Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, waɗanda yawancin 'yan matan Chibok da aka sace a 2014 'ya'yansu ne, an san su da koyarwar ƙin ɗaukar makami, wasu ikilisiyoyin kuwa suna ganin mutum na da haƙƙin tsare iyalinsa. Ni dai a nawa ɗan tunani, akwai bambanci tsakanin wanda ya kwana a bakin gari yana gadi tare da maƙwabtansa, da sanin hukuma, da wanda ya wayi gari ya tafi rugar da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba don ya huce. Na farko makiyayi ne, na biyu ya zama abin da yake yaƙa.

Gafara kuma ba ta hana shari'a. Wanda ya yafe ya cire dafin daga zuciyarsa ne, ya bar ramuwa ga Allah, amma yana iya zuwa ya ba da shaida, kuma ya kamata ya je. Shirun da muke yi idan mun san infoma ɗan gidanmu ne, ko ɗan majami'armu, ba haƙuri ba ne, rufa wa mugunta asiri ne. Mu dubi Fasto James Wuye da Imam Muhammad Ashafa na Kaduna. A rikicin 1992 ɗaya ya rasa hannunsa na dama, ɗaya ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa, kowanne yana jagorantar matasan ɓangarensa. A 1995 aka haɗa su, daga baya suka kafa cibiyar sasanta mabiya addinai, suka yi ta yawon kashe wuta a ciki da wajen ƙasar nan. Hannun bai dawo ba, matattu ba su tashi ba, amma rayukan da suka tsira ta dalilinsu Allah kaɗai Ya san adadinsu.

Mu kuma marubuta muna da namu kason. Mu duba littattafanmu, mu ga yadda muke zana Bamaguje da Kirista da Bafillace. Idan kullum ɗaya mashayi ne, ɗaya baƙo, ɗaya ɓarawo, to alƙalaminmu ma ya zama igiya cikin igiyoyin nan. Yaron da ya karanta labarin da maƙwabcinsa ya fito a mutum mai uwa da uba da tsoro da kunya, zai yi nauyin hannu ranar da aka ce ya jefe shi.

Shi kuwa saurayin nan, bayan 'yan makonni na haɗu da shi a hanyar gona, na tambaye shi labarin bijimi. Ya ce sun yi ta faɗa da wansa a kai har uwarsu ta shiga tsakani, daga ƙarshe suka kai maganar gaban mai unguwa, aka yi cigiya, mai shi ya zo daga wani ƙauye da shaidunsa ya tafi da abinsa. Kuɗin da suka biya dai sun tafi, kuma wan nasa har yanzu ba ya yi masa magana sosai. Na ce to yaya batun kunci? Ya yi murmushi ya ce, "Kawu, wannan tambayar tana nan, ban sami amsarta ba tukuna. Amma bana da jaki muka yi huɗa, kuma ina barci."

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya ba mu ikon gyara abin da ke hannunmu, amin.